Allurar Tsargiya da Ciwon Hanta a Ƙasar Masar

Unguwar Abbasiya, wadda ke gabashin birnin Alƙahira, ta samo sunanta ne daga Abbas na Farko, mai mulkin Masar da ya gina barikin soja a wurin a tsakiyar ƙarni na 19. Amma ga mutanen birnin, sunan ya fi tuna musu da asibitoci, domin nan ne Asibitin Zazzaɓi yake, nan ne kuma Kwalejin Likitanci ta Jami'ar Ain Shams take.

Bayan da masana suka gano ƙwayar ciwon hanta nau'in C a 1989, sai aka lura cewa ta yi katutu a jinin Misirawa fiye da na kowace al'umma. Dalili kuwa ya shige wa likitoci duhu, har zuwa 2000, lokacin da mujallar Lancet ta buga wani bincike da Farfesa Mustafa Kamal Muhammad na Ain Shams ya yi tare da abokan aikinsa na Amurka da Hukumar Lafiya ta Duniya. Sun dubi sakamakon gwajin jinin mutane 8,499, suka kasa shi bisa shekaru da yankuna. A yankin da Kogin Nilu ya rarrabu kafin ya faɗa teku, kimanin kashi 28 cikin ɗari na ɗauke da alamar cutar, alhali a Alƙahira kashi 8 ne, a Iskandariya kashi 6. Ko'ina kuma manya sun fi yara kamuwa nesa ba kusa ba.

Wannan kashe-kashen shi ne ya tona asiri. Ƙauyukan da cutar ta fi yawa su ne dai waɗanda gwamnati ta yi shekaru tana yaƙi da tsargiya a cikinsu, tun daga wajen 1950 har zuwa bayan 1980. A wancan zamani maganin da aka fi amfani da shi shi ne allurar tartar emetik a jijiya, kowane majiyyaci kuwa sai an yi masa ita sau da yawa. Manoma da 'ya'yansu kan yi dogon layi, sirinjin gilashi kaɗan ne, tafasa shi kuma ba ya wuce minti ɗaya ko biyu. Ba a yi haka da mugun nufi ba, domin tsargiya na kashe mutane, amma garin neman gira aka rasa ido.

Ƙidayar lafiya ta ƙasa ta 2008 ta ƙara tabbatar da zancen: kusan kashi 4 ne tsakanin 'yan shekara 15 zuwa 19, kusan kashi 40 tsakanin 'yan 55 zuwa 59, maza sun fi mata, ƙauye ya fi birni. Sai dai kashi 4 ɗin nan abin dubawa ne, don an haifi samarin ne bayan an daina allurar, watau cutar ta sami wasu hanyoyi ta ƙarin jini da kayan aikin asibiti marasa tsabta. Daga 2018 zuwa 2019 Masar ta gwada jinin mutane kusan miliyan 50, ta ba waɗanda suka kamu magani kyauta.