Gyaran Tsohon Gida a Zaitawa: Daga Yaɓen Shekara zuwa Lissafin Siminti

Zaitawa na ɗaya daga tsofaffin unguwannin cikin ganuwar Kano, kuma a yau mazaɓa ce a Ƙaramar Hukumar Birni. Masana tarihi na danganta sunanta da Abdurrahman Zaite, jagoran Wangarawan da suka zo daga Mali, waɗanda Tarihin Kano ya ce sun iso a zamanin Sarki Yaji (1349 zuwa 1385). A nan, kamar sauran unguwannin cikin birni, gida abin gado ne da ake zaune a cikinsa kaka da kakanni, don haka gyara ya fi sabon gini yawa. Abin da ya sauya a tsawon zamani shi ne yadda ake biyan gyaran. Da ƙaramin aiki ne na kowace shekara da ƙarfin jiki da kayan gida, yanzu kuwa ya zama babban kashe kuɗi lokaci guda, wanda farashin kasuwa ke juyawa.

Ginin gargajiya na Kano ginin ƙasa ne. Ana haƙo jar ƙasa, a jiƙa ta, a cuɗa da ciyawa, a tattake, sannan a mulmula tubali mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya a rana. Magini yana jera tubalin a tsaye yana cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, bangon ya yi kauri a ƙasa, yana sirancewa yayin da yake hawa. Ramukan da aka haƙi ƙasar su ne suka zama kududdufan da suka daɗe a cikin birni. Rufi kuwa da azara ake yinsa, wato faskararren icen giginya, wanda gara ba ta cika ci ba. Tsawon da azara ɗaya ke iya ɗauka bai kai mita biyu ba, shi ya sa ɗakin talaka yake da ƙunci, zauren mai hali kuma sai an ɗaura masa baka kafin ya yi faɗi. Ana ganin wannan gwaninta a Gidan Makama, wanda asalinsa ke komawa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), da kuma Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19.

Babban abokin gabar irin wannan gini ruwa ne. Daminar Kano gajera ce amma mai ƙarfi, musamman a watan Agusta, kuma ta wuri biyu take cin gida: saman soro da gindin bango. Saboda haka gyara ke da lokacinsa. Bayan kaka, idan an sayar da amfanin gona kuma ƙasa ta bushe, akan duba tsaga, a toshe, a sake yaɓe, a gyara zankwaye, a share indararo kafin ruwan farko. Yaɓen ma iri-iri ne. Makuba daga ɓawon ɗorawa ake samunta, tana hana ruwa ratsa bango, sai dai ba ta daɗewa, dole a riƙa sabuntawa. Laso ya fi ƙarko da tsada, domin haɗi ne na katsi daga marina, da gashin awaki daga majema, da dafara. Ke nan abin da marina irin ta Ƙofar Mata da majemar birni suka zubar, shi magini ke tarawa ya zama kayan aikinsa.

Lissafin gyara a wancan zamani bai dogara ga kuɗi sosai ba. Ƙasa na kusa, jakuna ke ɗauko ta, samarin gida da maƙwabta su yi kwaɓi, wani lokaci ta hanyar gayya, maigida ya ciyar da su. A gidajen sarauta da na attajirai bayi ne ke ɗaukar mafi nauyin aikin kafin a hana bauta. Abin da ake fitar wa wuri shi ne azara, wadda ake kawowa daga nesa, da ladan gwanin magini. Sana'ar kanta gado ce, tana ƙarƙashin Sarkin Magina, wanda ke tara magina idan aikin fada ko na ganuwa ya taso. Gidan da aka bar shi shekara biyu ko uku babu yaɓe shi ke cin dukiya, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Sauyi ya fara bayan zuwan Turawa a 1903, ya kuma yi ƙarfi da isowar jirgin ƙasa a 1911. Jirgin da ya kwashi gyaɗa zuwa Ikko shi ya dawo da kwano da siminti. Da farko masu hali sukan shafe fuskar zaure da siminti, a zana ado a kai, sauran gida ya zauna yadda yake. Daga baya kwano ya hau kan bangon ƙasa. Kamfanin siminti na Sakkwato ya fara aiki a 1967, na Ashaka ya biyo baya a ƙarshen shekarun 1970, lokacin da kuɗin man fetur suka sa ginin bulo ya zama alamar wadata. Ruwan sama mai yawa na Agustan 1988, wanda ya fasa madatsar Bagauda ya kuma rusa gidaje masu yawa a Kano, ya ƙara sa mutane ɗebe tsammani daga ginin ƙasa. A hankali matasan magina suka koma birkiloli, masu iya ɗaurin baka suka yi ƙaranci.

Haɗa siminti da ƙasa ya zo da matsalarsa. Filastar siminti ba ta kama bangon ƙasa da kyau, ko da an kafa ƙusoshi da ragar waya. Idan ruwa ya sami ƙaramar tsaga ya shiga bayanta, ba ya samun hanyar fita, sai ƙasar ta jiƙe a ɓoye alhali fuskar bango na nan lafiya lau. Magina kan ƙwanƙwasa bango da bayan cokalin gini. Inda ya yi ƙarar holoƙo, filastar ta rabu da ƙasa. Akwai kuma tashin lungu: shekaru na cike hanya da gina kwata sun sa daɓen tsofaffin gidaje ya koma ƙasa da titi, ruwa na kwarara cikin zaure.

Mai shirin gyara a yau yana da hanya uku: ya ci gaba da yaɓen ƙasa, ko ya rufa kwano ya ƙarfafa gindin bango da bulo, ko ya rushe ɗaki bayan ɗaki ya sake da bulo da rodi, sau da yawa har da bene saboda ƙarancin fili. Kowacce aka zaɓa, tsarin da magina ke bi ɗaya ne: rufi da magudanar ruwa tukuna, sai gindin bango da masai, sannan wayar lantarki da famfo, tayil da fenti su zo ƙarshe. Ƙiyasin yakan kasu gida huɗu, wato kaya, ladan aiki, dako, da abin da aka ware don ɓarnar da ba a gani sai an ɓamɓare bango. Dako a cikin birni ba ƙaramin abu ba ne. Tifa ba ta shiga lungu, don haka yashi da bulo a bakin titi ake sauke su, a kwashe da baro, ɓaraguzan ma haka za a fitar da su. Rodi daga Ƙofar Ruwa ko katako daga Na'ibawa sai an biya kuɗin mota, a sake biyan 'yan dako.

Farashi ma ba ya tsayawa. Faɗuwar darajar naira tun daga 1986, da cire tallafin mai a 2023, sun ɗaga kayan gini, har buhun siminti ya haura naira 10,000 a farkon 2024. Wannan ya sa mutane da yawa ba sa tara kuɗi a hannu. Da zarar sun kwashi adashi sai su sayi kwano ko rodi su ajiye, siminti kuwa sai aiki ya zo, don yana daskarewa idan ya sha raɓa. Ladan aiki ana yinsa ko dai jinga ko biyan kullum. Idan gidan na gado ne da ba a raba ba, magada kan zauna tun kafin a sauke bulon farko, su rubuta wanda ya bayar da nawa a gaban shaidu ko mai unguwa, domin kuɗin gyara na daga abubuwan da ke jawo jayayya ranar rabon gado.