Gundumomin Walakiya

Walakiya tsohuwar masarauta ce a kudancin Romaniya ta yau, tsakanin duwatsun Karpat da kogin Danub. Kogin Olt ya tsaga ta gida biyu, Munteniya a gabas, Olteniya a yamma, kowane ɓangare kuma aka kasa shi gunduma-gunduma. Sunan gunduma a bakin mutanen ƙasar "judets", daga kalmar Latin mai nufin hukunci.

A ƙarni na 18 gundumomin sun kai 17. Sha biyu na Munteniya, biyar na Olteniya, wato Dolj, Gorj, Mehedints, Romanats da Valcha. Olteniya tana da babban hakiminta, "ban" na birnin Krayova, wanda daga sarki sai shi. Ostiriya ta riƙe wannan yanki daga 1718 zuwa 1739.

Wanda ya tsaya kan sunayen nan zai ga cewa ruwa ne ya shata yawancin iyakoki tun kafin alƙalamin fada. Arjesh, Dambobitsa, Prahova, Buzau da Yalomitsa duk sunayen koguna ne, mutanen da ke shan ruwa ɗaya suka zama gunduma ɗaya. Kogin Jiu shi kaɗai ya haifi biyu: Gorj a can sama wajen duwatsu, Dolj a gangare. Teleorman kuwa daga bakin Turkawan makiyaya ya fito, ma'anarsa mahaukacin daji, saboda duhun kurminsa.

A shekarun 1740 sarki Konstantin Mavrokordat ya ɗora wa kowace gunduma jami'ai biyu, "ispravnik", su yi shari'a su tara haraji. A ƙarƙashinsu, yankin fili ana ce masa "plasa", na kan dutse "plai". Shugaban plai aikinsa ya fi nauyi, domin shi ke tsare mashigin dutse, yana sa ido kan masu gudun haraji.

Biranen Braila, Jurju da Turnu na bakin Danub suna hannun Daular Usmaniyya kai tsaye, sai yarjejeniyar Adrianopol ta 1829 ta mayar da su ga Walakiya. A 1845 aka rushe gundumar Saak, aka raba ƙasarta tsakanin Prahova da Buzau.

Gwamnatin gurguzu ta Romaniya ta soke gundumomin a 1950, ta dawo da su a 1968. Yawancin tsofaffin sunaye sun dawo, amma Vlashka, Romanats da Muschel ba su sake hawa taswira ba.