Fassara: Daga Zauren Tafsiri Zuwa Cikin Ƙwayar Halitta

Daga Larabci muka aro "fassara". A can ma'anarta bayyana abin da ya shige duhu, tushenta ɗaya da "tafsiri". Da ta zauna a bakin Bahaushe sai ta karkata ga juya magana daga wani harshe zuwa wani, abin da Larabawa ke ce wa tarjama. Ma'anar farko dai tana nan: gwaggo a Gwaram takan nemi a fassara mata mafarki, da azumi kuma mai jan baƙi ya ja aya, malam ya fassara.

Ɗalibin kimiyya a Birnin Kudu kuwa a wani wuri dabam yake gamuwa da ita. Cikin bakteriya, ribosom ne tafinta: yana karanta saƙon RNA harafi uku-uku, ya mayar da shi furotin, aikin da shi ma ake kira fassara. Wuyar aikin ita ce gano mafari. Wata 'yar alama a jikin saƙon da masana Shine da Dalgarno suka bayyana a 1974 ce ke zaunar da shi daidai kan haruffan AUG, inda galibi karatun ke farawa. Bakteriya kan buɗe furotin da sinadarin metiyonin mai ɗauke da formil, akiya kuwa, wasu ƙananan halittu masu kama da su a ido, da metiyonin tsurarsa. Ni dai da tarjama zan kira wannan aiki, don ribosom ba ya sharhi.