Yadda Murya Ta Zama Makamin 'Yan Damfara

Ranar 25 ga Oktoba, 1978, wani masanin kwamfuta mai suna Stanley Mark Rifkin ya shiga ɗakin aika kuɗi na bankin Security Pacific da ke Los Angeles a Amurka. Ma'aikata sun san shi, domin yana yi wa bankin aikin kwangila. Kullum akan sauya lambar sirrin da manyan jami'ai ke faɗa a waya kafin a tura kuɗi, amma don gudun mantuwa sai a rubuta ta a takarda a manna inda ido ke gani. Rifkin ya haddace ta, ya fita, ya bugo wa ɗakin waya a matsayin jami'in sashen hulɗa da ƙasashen waje. Dala miliyan 10.2 ta bi ta New York ta sauka a Suwizalan. An kama shi kafin wata ya cika, amma dabararsa ta ci gaba da rayuwa.

Abubuwa uku suka yi masa aiki: ɗan guntun bayani na gaskiya, rigar iko ta aro, da mai sauraro wanda ba shi da sukunin bincike. Har yau a kansu damfarar waya take tsaye, kuma na ukun ne ya bambanta ta da 'yan uwanta.

Damfarar nesa da rubutu ta fara. A ƙarni na 19 wasiƙu sun yi ta isa Ingila da Amurka da sunan wani attajiri da ke tsare a kurkukun Sifaniya, yana neman a taimaka da ɗan kuɗi a fito da shi, shi kuma ya raba dukiyarsa da mai taimako. Salon nan ne ya sake bayyana a Najeriya a shekarun 1980 ta wasiƙa da fas, ya ɗauki sunan sashe na 419 na dokar manyan laifuka. Da shi Emmanuel Nwude da abokansa suka karɓe dala miliyan 242 daga Banco Noroeste na Birazil tsakanin 1995 da 1998. A tsakiyar shekarun 1990 kuma, a dandalin AOL, aka fara jin kalmar "fishin", wadda aka aro daga kalmar Ingilishi ta kamun kifi: a watsa saƙon bogi ga dubban mutane, a jira wanda zai haɗiye ƙugiya. Da wayar hannu ta yaɗu, sai ƙugiyar ta koma saƙon tes mai ɗauke da adireshin shafin bogi.

Duk waɗannan suna da rauni guda. Rubutu yana zaune a gabanka. Kana iya sake karanta shi, ka lura da harafin da aka sauya a adireshin banki, ka nuna wa abokin aiki, ko ka bari sai gobe. Saƙon ba ya jin ka yi shiru, ba ya sauya magana idan ka yi tantama.

Mai kira kuwa yana ji. In ka tsorata ya kwantar da murya, in ka yi gardama ya daka tsawa, in ka nemi hujja ya karanto maka ranar haihuwarka. Kevin Mitnick, wanda hukumar FBI ta kama a 1995, ya shahara da kiran ma'aikatan kamfanonin waya yana magana da harshen sana'arsu har su ɗauka nasu ne. A Japan, tun farkon shekarun 2000, wani salo ya addabi tsofaffi har aka raɗa masa sunan da ke nufin "ni ne, ni ne": mai kira ya faɗi haka cikin kuka, tsohuwa da bakinta ta ambaci sunan ɗanta, shi kuma ya amsa. Baki shi ke yanka wuya.

A Najeriya ƙofar ta buɗe ne da zuwan layukan GSM a 2001, ta ƙara faɗi bayan Babban Banki ya ƙaddamar da lambar BVN a 2014. Kiran yakan zo da ladabi: "Ranka ya daɗe, daga banki ne, za a rufe asusunka yau in ba a sabunta bayananka ba." Lambar da ta shigo wayarka a lokacin ta gaskiya ce, banki ne ya aiko ta, domin mai kiran yana ƙoƙarin cire kuɗi a daidai wannan minti. Haka ake ƙwace WhatsApp: a ce an sa ka a taron ƙungiya, a nemi lambobi shida da suka shigo maka.

Yana da kyau a rarrabe wannan da makamantansa. A musayar layi, ba kai ake yaudara ba. Ma'aikacin kamfanin waya ake ruɗa ko a saya, alamarta kuma ita ce layinka ya mutu haka kawai. A kiran filashin daga lambar ƙasar waje, so ake ka mayar da kira a cinye maka kati. Akwai kuma mai haɗa biyu, inda saƙo ke cewa ka kira wata lamba, ka kai kanka da ƙafarka.

Ilimi ba ya zama garkuwa a nan. A watan Yulin 2020, ta kiran waya aka yaudari ma'aikatan Twitter, aka taɓa shafuka 130, ciki har da na Barack Obama da Elon Musk. A Satumbar 2023, kutsen da rahotanni suka ce ya fara da kira zuwa sashen taimakon ma'aikata ya jawo wa kamfanin MGM Resorts asarar kusan dala miliyan 100. Tun 2019 ma an ba da rahoton shugaban wani kamfanin makamashi a Birtaniya da ya tura Yuro 220,000 bayan jin muryar maigidansa, wadda na'ura ce ta kwaikwaya. Sanin murya ya daina zama shaida, haka ma lambar da ke bayyana a fuskar waya, domin ana iya ƙirƙirar ta.

Abin da ya rage shi ne siffar kiran. Shi ya kira ka, yana neman sirri ko kuɗi, ya ce yanzu-yanzu, kuma ba ya so ka kashe waya ko ka shawarci kowa. In waɗannan suka haɗu, ka ce za ka kira daga baya, ka katse, ka nemi lambar da ke bayan katinka na banki ko wadda ka daɗe da ita ta ɗan uwan. Jami'in gaskiya ba ya asarar komai in ka yi haka. Da ma'aikacin Security Pacific ya ajiye kan waya ya bugo wa sashen da kansa, da kuɗin ba su bar Los Angeles ba.