Masu haƙa kabari ne suka fara ƙirga gawa a Kano

Jama'a, duk lokacin da aka tayar da zancen korona sai a ce ai cutar manya ce, ta masu hawa jirgi. To, da farko haka ta yi kama. Wani ɗan Italiya ne ya shigo da ita Legas a ƙarshen Fabrairun 2020, kuma ranar 17 ga Afrilu ta ɗauke Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa. Amma da ta zauna da gindinta, sai ta bi sana'a, kamar yadda annoba ta saba yi a ƙasar nan.

A 1918 ma haka aka yi. Murar nan da tsofaffi ke kira marisuwa ta sauka Legas ne daga jirgin ruwa a watan Satumba, ta bi layin dogon da ya iso Kano a 1911. Ma'aikatan jirgi da 'yan dako da fatake, mutanen da abincinsu ke kan hanya, su ta fara samu, su kuma suka kai ta gida.

Mu dawo Kano ta 2020. An tabbatar da mutum na farko ranar 11 ga Afrilu. Cikin kwanaki kaɗan aka rufe ɗakin gwajin da ke asibitin Malam Aminu Kano, bayan wasu ma'aikatansa sun kamu. Wato masu gano cutar ita ta fara gano su. Zuwa farkon Mayu ƙungiyar likitoci ta jihar ta ce likitoci sama da 30 sun harbu. Da yawansu ba a cibiyar killacewa suka ɗauka ba, inda akwai riga da safar hannu da takunkumi. A ɗakin duba marasa lafiya na yau da kullum suka ɗauka, wurin wanda ya zo da "zazzaɓi kawai". Wannan ne ya sa wasu asibitoci masu zaman kansu suka rufe ƙofa, mai hawan jini da mai ciwon suga suka koma wa mai kemis na unguwa, shi kuma ko ƙyallen rufe hanci ba lalle yana da shi ba.

Likita dai ana ƙirga shi, ƙungiyarsa tana magana da 'yan jarida. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne waɗanda ba su da rajista. Masu haƙa kabari a maƙabartu irin su Ɗandolo ne suka fara cewa gawar da ake kawowa ta wuce ƙa'ida, tun kafin hukuma ta ce uffan. Su ne ke karɓar makara, su shiga rami, su tsaya cikin masu jana'iza daga safe har magariba, a cikin azumi. Haka masu wankan gawa a gidaje. Gwamnatin jiha ta fara cewa maleriya ce da suga da hawan jini da sanƙarau. Sai a watan Yuni ministan lafiya, Osagie Ehanire, ya ce an ƙirga mutuwa 979, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin 100 mai yiwuwa korona ce. Mafi yawansu a gida suka cika, a hannun 'yan'uwa.

Ita kanta dokar kulle ta raba mutane gida biyu. Ma'aikacin gwamnati an ce ya zauna a gida, albashinsa na shiga. Ɗan adaidaita sahu da mai tura ruwa da ɗan dako a Singa da Kantin Kwari kuwa, in bai fita ba tukunya ba za ta hau wuta ba. Da aka sassauta, aka ba da Litinin da Alhamis daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma. Ni a ganina nan aka yi tuya aka manta da albasa: cinikin mako guda aka matse cikin awa 12. Mai saye ya shiga kasuwa ya yi rabin awa ya fita. Mai shago da yaronsa su ne ke tsaye cikin wannan turmutsutsu tun buɗewa har rufewa, suna karɓar kuɗi daga hannu zuwa hannu.