Daga «américanisme» zuwa ƴancin addini: tarihin wata muhawara a Cocin Katolika (1897-1965)

1. Gabatarwa

Wannan maƙala tana bin diddigin gardamar da aka yi a Cocin Katolika kan daidaita addini da tsarin ƙasa ta zamani. Abin da muke son nunawa shi ne, a matakai biyu na gardamar, fassara da zaɓen kalma ne suka juya akalarta.

2. Fassarar da ta haifi rikici

Isaac Hecker (1819-1888) limamin Katolika ne ɗan Amurka, wanda yake ganin cewa ƴancin ɗan ƙasa bai saɓa wa bangaskiya ba. Walter Elliott ya rubuta tarihinsa da Ingilishi a 1891, kuma littafin bai ta da ƙura ba. A 1897 fassararsa ta fito da Faransanci, tare da gabatarwar Félix Klein, wanda ya nuna Hecker a matsayin abin koyi ga limamin zamani.

A lokacin kuwa Katolikan Faransa sun rabu biyu: masu karɓar Jamhuriya, kamar yadda Fafaroma Leo na 13 ya nema a 1892, da masu begen dawowar sarauta. Sai littafin ya zama makamin faɗan cikin gida. Charles Maignen ya yi masa raddi a 1898, kalmar «américanisme» kuma ta zama sunan zargi a Paris.

Ranar 22 ga Janairu 1899, Leo na 13 ya aika wa Kadinal Gibbons na Baltimore wasiƙar Testem benevolentiae. Ya raba ma'anar kalmar biyu. In ana nufin ɗabi'u da dokokin Amurkawa, babu laifi. In kuwa ana nufin sassauta aƙida don jawo mabiya, wannan ɓata ne. Gibbons ya amsa cewa ba a riƙe da wannan ra'ayi a cocinsa. A 1949 Klein kansa ya kira lamarin bidi'ar da ba ta taɓa wanzuwa ba.

3. Daga haƙuri zuwa haƙƙi

Tsohuwar koyarwa tana cewa ɓata ba ya da haƙƙi. Iyakar abin da gwamnatin Katolika za ta yi wa sauran addinai shi ne «tolérance», wato haƙuri da su don gudun fitina. John Courtney Murray, ɗan ƙungiyar Jezuwit a Amurka, ya ƙalubalanci wannan, har shugabanninsa suka hana shi rubutu a kan batun a tsakiyar shekarun 1950. Amma a 1963 aka gayyace shi Babban Taron Batikan na Biyu a matsayin ƙwararre.

Ranar 7 ga Disamba 1965 taron ya amince da Dignitatis humanae da ƙuri'a 2308, masu ƙi 70. Ga masanin harshe, sauyin yana ga ma'abocin haƙƙi: an daina tambayar ko ɓata yana da haƙƙi, aka jingina haƙƙin ga mutum, cewa kada a tilasta masa a sha'anin addini. Marcel Lefebvre, tsohon babban bishop na Dakar, bai yarda ba, kuma wannan yana cikin dalilan rabuwarsa da Roma a 1988.

4. Kammalawa

Mai fassara irin waɗannan matanoni zuwa Hausa ya kula da bambancin. Haƙuri alfarma ce ta mai ƙarfi, yana iya janye ta ranar da ya ga dama. Haƙƙi kuwa na mai shi ne, hana shi zalunci ne.