Philip Curtin da Muryoyin Waɗanda Aka Sayar

An haifi Philip D. Curtin a birnin Filadelfiya na ƙasar Amurka a shekarar 1922, ya rasu a 2009. Ya sami digirin digirgir a Jami'ar Harvard a 1953 da bincike kan tsibirin Jamaika, kuma bin sawun kakannin mutanen tsibirin ne ya kai shi ga Afirka. Daga 1956 zuwa 1975 ya koyar a Jami'ar Wisconsin, inda shi da Jan Vansina suka aza harsashin nazarin tarihin Afirka, sannan ya koma Johns Hopkins.

Abin da ya kamata ɗalibi ya fara nema shi ne kundin da ya tace a 1967, mai suna Africa Remembered. A lokacin, galibin abin da ake karantawa kan cinikin bayi daga alƙalamin Turawa ya fito, wato masu jiragen ruwa da 'yan mishan. Curtin ya tattaro labaran da mutanen Afirka ta Yamma suka bayar da kansu, ya raba wa masana su yi musu sharhi. Akwai na Ayuba Sulaiman Diallo, Bafulatanin Bundu da aka kai Amurka kuma ya dawo gida. Akwai na Ali Eisami, ɗan wani malami a Barno, wanda aka kama a zamanin yaƙe-yaƙen jihadi, aka ratsa ƙasar Hausa da shi ana saye ana sayarwa har bakin teku, kafin jirgin Ingila ya kuɓutar da shi ya sauke shi a Saliyo a 1818. A can ne, bayan shekaru kusan talatin, ya ba wa Koelle labarinsa da Barbarci. Mai karanta wannan babi zai ga cewa hanyar bauta ta bi ta kasuwanninmu, ko da ba mu cika son faɗa ba.

Sai dai littafin da ya fi jawo masa suna shi ne ƙidayar da ya buga a 1969. Ya binciki adadin miliyan 15 da ake ta maimaitawa, ya tarar marubuta kwafar juna kawai suke yi. Nasa lissafin ya nuna kimanin mutum miliyan 9.5 ne suka sauka da rai a ƙetaren Atlantika. Masanin Nijeriya Joseph Inikori ya ƙalubalance shi a 1976, yana ganin ya rage adadin. Binciken baya-bayan nan ya tsaya a wajen miliyan 10.7, cikin miliyan 12.5 da aka ɗora a jirage.

A 1995 ya ɓata wa abokan aiki da yawa rai, da ya yi ƙorafin cewa jami'o'in Amurka na duba launin fata wajen ɗaukar malaman tarihin Afirka. Masana baƙar fata sun mayar masa da martani mai zafi, kuma a ganina kalmomin da ya zaɓa ne suka ja masa.